Opobo: garin da aka kafa don a riƙe bakin kogi

Tambaya: Malam, ina koyar da tarihi a wata sakandaren 'yan mata. Duk shekara muna karanta Jaja na Opobo a jerin sarakunan da suka yi wa Turawa turjiya. Bana wata ɗaliba ta tambaye ni ina Opobo take, me ya sa ba a jin ɗuriyarta yanzu, kuma me ya rage a cikinta na tarihi. Abin da ke cikin manhaja bai wuce layi biyar ba. A taimaka mana da bayani.

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri, ya kuma yi wa ɗalibar nan albarka. Manhajarmu ta ɗauki mutumin ta bar garin, alhali ba a gane Jaja sai an gane inda ya ajiye garinsa da dalilin da ya sa ya ajiye shi a can. Don haka da taswira za mu fara.

Ki sa yatsa a Fatakwal, ki gangara kudu maso gabas har ki taɓa teku. Za ki ga wani kogi da ya taso daga tuddan ƙasar Ibo wajen Okigwe, ya ratsa ƙasar Ngwa da Ndoki, ya zama iyaka tsakanin Jihar Ribas da Akwa Ibom, sannan ya buɗe baki ya zuba a Tekun Atalantika. Sunansa Imo, kuma sunansa Jihar Imo ta ci. Opobo tana gaɓarsa ta yamma, dab da inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri. Yamma da ita ƙasar Andoni ce, gaba da Andoni kuma sai Bonny. Wurin duk taɓo ne da rassan ruwa masu shiga juna, da irin itatuwan nan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar sun ɗage riga. Sau biyu a yini teku na cikowa tana janyewa. Babu gonar kirki, doya da rogo daga tudu ake sayo su. Ba noma ya kai mutane can ba, manja ne.

A 1807 Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta fataucin bayi. Kafin nan Bonny na cikin manyan tashoshin da ake lodin bayi a duk gaɓar Afirka ta Yamma. Da cinikin ya fara mutuwa, sai masana'antun Ingila suka buɗe baki suna neman manja, ana sabulu da kyandir da shi, ana shafa wa injuna da ƙafafun jirgin ƙasa. To kwakwar manja ba ta yin yawa a taɓon bakin teku. Tana can tudu, wurin Ibo da Ibibio da Annang, su ke hawa su saro, matansu su dafa su tace. Daga ƙauyuka ake kawo shi kasuwannin bakin kogi irin su Ohambele da Akwete da Azumini da Essene, a ɗura a manyan gangunan katako, a gangaro da shi a kwalekwale. Bature kuwa yana bakin teku a cikin jirginsa, ko a tsohon jirgin da aka girke aka yi wa rufi ya zama kanti. Zazzaɓi ba ya barinsa ya shiga ciki, masu gari ma ba sa barinsa. Sai ya ba attajirin bakin teku kaya bashi, yadi da bindiga da albarushi da taba da barasa da gishiri da kuɗin tagullan nan mai siffar munduwa da ake kira manila, shi kuma attajirin ya hau kogi ya komo da manja. Kowane jirgi yana biyan sarki kuɗin fito da suke kira komi. Duk arzikin Bonny a tsakiyar nan yake, tsakanin mai manja da mai jirgi.

Abu na biyu da za ki fayyace wa ɗalibai, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan labarin, shi ne tsarin gida, wanda a Ibani, harshen mutanen Bonny da Opobo, suke ce wa wari. Gida a wurinsu ya wuce 'yan'uwan jini. Kamfani ne na fatauci, runduna ce, kuma unguwa ce. Ba a yarda mutum ya kafa gida nasa sai ya iya fitar da kwalekwalen yaƙi da matuƙa da igwa a ranar da gari ya buƙata. Yaron da aka sayo daga tudu sai a aske masa kai, a sa masa sabon suna, a ba shi uwa a cikin matan gidan, ya tashi ɗan gida. In yana da kai, ya tashi daga tuƙi zuwa riƙon kaya, daga nan ya sami kwalekwalensa, har wata rana manyan gidan su zaɓe shi shugaba, domin gidan da ya naɗa rago bashi zai cinye shi. Kada a yi wa abin kwalliya, bauta ce, kuma mafi yawansu a kan filafili suka tsufa suka mutu. Amma ƙofar tana buɗe ga 'yan kaɗan. Ɗalibanki sun san Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a fadar Kano, bayin sarki masu ƙarfin da hakimi ke shakka, amma ba sa hawa gadon sarauta. Haka yake a Bonny. Wanda aka sayo yana iya riƙe gida mafi arziki a gari, amma sarautar Amanyanabo, wato sarkin gari, ta zuriyar Pepple ce.

An haifi Jaja wajen 1821 a Amaigbo, cikin Jihar Imo ta yau. Yana yaro aka sayar da shi Bonny, aka sa masa suna Jubo Jubogha, Turawa suka gajarta shi ya koma Jaja. Ya tashi a gidan Anna Pepple, ɗaya daga cikin manyan gidaje biyu da suka fito daga tsatson sarauta. A 1863 shugaban gidan ya rasu ya bar bashin Turawa mai nauyin da manyan gidan kowa ya noƙe. Jaja ya karɓa, ya biya cikin ɗan lokaci, ya shiga jawo ƙananan gidajen da bashi ya danne yana ɗauke musu, yana kafa yaransa da jari. Ɗaya gidan, Manilla Pepple, wanda Oko Jumbo ke juyawa, ya ga abin ya fi ƙarfin ido. Ga kuma saɓanin addini: mishan ɗin Bishop Ajayi Crowther ya shigo Bonny a tsakiyar shekarun 1860, Sarki George Pepple Kirista ne da ya yi karatu a Ingila, Jaja kuwa yana kan addinin gargajiya, kuma yana kallon mishan a matsayin abin da zai kwance biyayyar 'yan gida. A 1868 gobara ta ci Bonny, ɓangaren Anna Pepple ya fi jin jiki. A Satumban 1869 yaƙi ya ɓarke.

A nan ne hikimar take, kuma nan ne littattafan makaranta suke tsallakewa. Jaja bai tsaya ya mutu a kan Bonny ba. Ya janye mutanensa zuwa ƙasar Andoni, yana jan zancen sulhu, har ya gama shirinsa ya sauka a bakin Imo. A 1870 ya kafa gari, ya sa masa sunan Opubo, babban sarkin Bonny da ya rasu a 1830, wanda gidan Anna Pepple ke jingina da shi. Sunan kansa da'awa ce, yana cewa mu ne magadan Bonny na gaskiya. Gidaje 14 daga cikin 18 na Bonny suka bi shi. Dubi taswirar kuma: manjan da Bonny ke ci daga kasuwannin Imo yake fitowa, ya bi rassan ruwa ya yi yamma. Jaja ya je ya zauna a kan hanyar tun daga sama. Bai ci Bonny da yaƙi ba, ya tare mata maƙogwaro ne. 'Yan kasuwar Turawa, irin su Charles de Cardi da ya fara binsa, suka ga inda manja ya koma suka ja jiragensu suka bi. A farkon 1873 Ingila ta shiga tsakani, aka yi yarjejeniyar da ta amince da Jaja a matsayin Sarkin Opobo, ta ba shi komi, ta kuma yanke wa Turawa iyaka a kogin: ga inda jiragensu za su tsaya, ba kanti a cikin garin, ba wucewa kasuwannin tudu. Yaron da aka sayo ya zama Amanyanabo, abin da ba zai taɓa yiwuwa a Bonny ba.

Shekaru goma sha bakwai daga kafa shi a 1870 zuwa 1887 su ne ganiyar garin. Jaja ya ƙulla aure da amana da manyan Ndoki da Ibibio. Ya buɗe makarantar boko a garin, wata Ba'amurkiya baƙar fata mai suna Emma White da ta biyo ta Laberiya tana koyarwa tana kuma yi masa rubutu, amma ya hana mishan kafa coci. Ya tura ɗansa karatu Birtaniya. Yana son ilmin Bature da kayan Bature, ba ya son Bature ya riƙe masa linzami. Ba maƙiyin Ingila ba ne a lokacin. Da aka yi yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874 ya aika wa Turawa da mayaƙa, Sarauniya Biktoriya ta aiko masa da takobin girmamawa. A yaƙin nan dai akwai dakarun Hausawa da Kyaftin Glover ya tara, su ma a ɓangaren Ingila.

Akwai gefen da ya kamata ɗalibai su ji, don kada mu koya musu waliyyi maimakon sarki. Ikon da Jaja ke karewa ikon babakere ne. A 1881 mutanen Ibeno da ke bakin kogin Qua Iboe suka fara ciniki kai tsaye da wani Bature mai suna George Watts. Jaja ya tura kwalekwalen yaƙi, aka ƙone ƙauyuka, aka kashe mutane, aka kamo wasu. Har yau idan kika saurari Ibeno da wasu Ibibio, labarin Jaja a bakinsu daban yake da na littafinmu. Talakan da ke tace manja a tudu bai da ta cewa a kan farashi. Duka biyun gaskiya ne: ya tsare ƙasarsa daga Turawa, ya kuma danne maƙwabtan da suka so kewaye shi.

Abin da ya kayar da shi ya faro ne daga kasuwar duniya. A shekarun 1880 farashin manja ya faɗi a Liverpool, domin man fetur da wasu mayukan sun shigo kasuwa. Riba ta ragu, kamfanonin Turawa suka ga hanyar tsira ita ce su cire na tsakiya. A 1884 ƙaramin jakadan Ingila Edward Hewett ya zagayo da takardun neman sarakunan yankin su shiga ƙarƙashin kariyar Sarauniya, domin a kai su taron Berlin a matsayin hujja. Jaja bai sa hannu ba sai da ya nemi a rubuto masa abin da kariyar ta ƙunsa. Hewett ya rubuta masa cewa Sarauniya ba ta son ƙasarsa ko kasuwanninsa, so take kada wata ƙasar ta ƙwace su, kuma mulki zai zauna a hannunsa. Duk da haka Jaja ya sa aka soke sashe na shida, wanda ya ba kowa izinin ciniki ko'ina. A 1885 Ingila ta shelanta yankin a matsayin ƙasar da ke ƙarƙashinta. Kamfanonin Opobo suka haɗa baki su karya farashi. Jaja ya mayar da martani ta hanyar da ba su zata ba: ya fara lodin manjansa da kansa zuwa Ingila, ya kuma janye kamfanin Miller Brothers na Glasgow daga cikinsu ya ba shi cinikin. Sauran suka zauna da kantuna ba manja, suka dinga rubuta ƙara Landan.

A 1887 Hewett ya tafi hutu, riƙon ofis ya faɗa hannun Harry Johnston, saurayi ɗan shekara 29 mai gaggawar kafa daula. Ya zargi Jaja da tare kogi da sa mutanen tudu rantsuwar kada su sayar wa Bature. Jaja ya tura wakilai Landan su kai kuka, amma Johnston bai jira ba. Ya kira shi taro a harabar wani kamfani a bakin ruwa ranar 19 ga Satumba, ya ba shi alkawari a rubuce cewa zai zo ya koma lafiya. Da Jaja ya zo, ga jirgin yaƙi Goshawk ya juyo bakin igwa wajen gari. Aka ce ya zaɓa: ko ya shiga jirgi a kai shi Akra a yi masa shari'a, ko ya koma gida a ɗauke shi abokin gaba a yi wa Opobo ruwan wuta. Ya shiga jirgin. Ni a wurina wannan ita ce ranar da ya fi girma, domin yana da dakaru da rassan ruwan da zai ɓuya a ciki, amma ya san garin katako ne da mata da yara. Firayim Ministan Ingila na lokacin, Lord Salisbury, shi kansa bai ji daɗin yadda aka yi kamun ba, amma bai warware shi ba. Wani hafsan sojan ruwa, Hunt-Grubbe, ya yi shari'ar a Akra, aka yanke masa zaman gudun hijira, aka kai shi tsibirin Saint Vincent a Karibiyan a 1888, daga baya Barbados. A 1891 aka yarda ya komo, ga tsufa ga ciwo, ya rasu a hanya a tsibirin Tenerife cikin watan Yuli. Mutanen Opobo da yawa sun tafi a kan cewa guba aka ba shi, takardun Turawa kuma suka ce ciwo ne. Garin ya matsa har aka tono gawarsa aka kawo ta gida aka yi masa jana'izar sarauta. Ki nuna wa ɗalibai cewa salon nan bai tsaya a kansa ba: Nana na Itsekiri a 1894, Oba Ovonramwen na Benin a 1897, sannan Sarkin Kano Alu da Sarkin Zazzau Kwasau da aka kai Lakwaja bayan zuwan Lugga.

Yanzu ga tambayar ɗalibar, me ya sa garin ya yi shiru. Yawancin mutane suna ɗauka kama Jaja ne ya kashe Opobo. Ba haka ba ne. Turawan da suka yi ta kukan a buɗe musu tudu, da aka buɗe sai suka tarar ba su san hanya ba, ba su san harshe ba, ba su san wanda za a ba bashi ya dawo da shi ba. Fataken Opobo suka ci gaba da hawa kogi, har suka ƙara nisa, suka kafa zangonsu a bakin ruwan Aba da sauran kasuwanni, kuma abin mamaki su ne suka kai cocin Angilikan wurare da dama a can, domin bayan Jaja garin ya karɓi Kiristanci. Abin da ya canza shi ne iko. Daga 1891 gwamnati ta karɓe kuɗin fito ta mayar da shi kwastan, ta yanka wa sarakuna alawus. A 1915 aka soke dokar da ke tilasta wa ɗan gida zama ƙarƙashin shugaban gidansa, matuƙan kwalekwale suka watse neman na kansu.

Bugun da ya fi duka kuwa daga ƙarƙashin ƙasa ya fito. A 1909 aka gano kwal a Udi. Gwamnati na neman tashar da babban jirgi zai shiga kuma layin dogo zai iya isa, sai ta zaɓi wani tudu a saman kogin Bonny, ta kafa Fatakwal wajen 1912 zuwa 1913. A 1916 jirgin ƙasa ya haɗa Inugu da Fatakwal, kuma ta Aba ya bi, wato ta tsakiyar ƙasar manjan da Opobo ke ci. Wanda ke da manja a Ngwa ba ya buƙatar kwalekwale kuma, ga tasha, daga baya ga mota. Bakin Imo kuma yana da tudun yashi a ƙarƙashin ruwa, jiragen zamani suna ƙara girma, shigarsu na ƙara wuya. Kamfanoni suka kwashe ɗaya bayan ɗaya, zuwa tsakiyar ƙarni na 20 tashar ta mutu. Abin da Jaja ya yi wa Bonny a 1870 shi layin dogo ya yi wa Opobo. Bonny ta farfaɗo saboda zurfin ruwanta, aka kafa tashar lodin ɗanyen mai a farkon shekarun 1960, kamfanin iskar gas ya fara fitarwa a 1999. Opobo ba ta sami irin wannan ba. 'Ya'yanta suka bi boko suka bazu Fatakwal da Aba da Legas.

Akwai wani ruɗani da za ki ci karo da shi a tsofaffin takardu. Turawan mulki ba su zauna a garin Jaja ba. Sun kafa bariki da kotu da kantuna a Egwanga, a ɗaya gaɓar kogin inda akwai tudu, suka kira wurin Opobo shi ma, suka kira duk gundumar da sunan. Don haka idan kika karanta cewa an harbe mata a Opobo ranar 16 ga Disamban 1929, lokacin boren matan da ya taso daga Oloko kan jita-jitar za a sa musu haraji, a Egwanga abin ya faru. Mata fiye da 30 suka mutu a ranar, wasu da harsashi, wasu a ruwa, kuma cikinsu akwai Ibibio da Andoni da Ogoni da Ibo da matan Opobo. Egwanga ita ce Ikot Abasi ta Jihar Akwa Ibom a yau. Rabuwar ta zo ne a 1976, lokacin da kwamitin gyaran iyakokin jihohi ƙarƙashin Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda daga baya ya zama Galadiman Katsina, ya mayar da garin Opobo Jihar Ribas. A 1996 aka ƙirƙiro Ƙaramar Hukumar Opobo/Nkoro.

Sai abin da ya rage. Wanda kowa ke ɗaukar hoto shi ne mutum-mutumin tagulla na Jaja a tsakiyar gari, wanda jama'a suka yi karo-karo suka kafa a 1903, shekarar da aka yi yaƙin Burmi. A 1959 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Akwai tsofaffin igwa, da ƙararrawar gidaje, da siffofin shugabannin gidaje da aka kafa a harabarsu, da cocin Saint Paul. Amma in kin tambaye ni gadon Opobo na gaske, zan ce miki tsarin gidan ne, domin yana raye. Har yau garin a kashe yake kashi 14, a ƙarƙashinsu gidajen kwalekwalen yaƙi 67, kowanne da shugabansa da ke zama a majalisar Amanyanabo, sarautar kuma tana gidan Jaja. Ɗan Opobo da aka haifa a Legas ya san gidansu, ya san inda za a kai shi in ya mutu. Sunayen da kike ji, Jaja da Pepple da Cookey da Peterside da Ogolo da Uranta da Toby da Fubara, sunayen gidajen ne. Daga cikinsu aka sami Farfesa Sylvanus Cookey, masanin tarihi da ya shugabanci Jami'ar Fatakwal, da Atedo Peterside da ya kafa bankin IBTC a 1989, da Siminalayi Fubara da aka zaɓa gwamnan Ribas a 2023. Ƙaramin gari ne, amma hannunsa ya yi tsawo.

Harshen ma tarihi ne. Asalin garin Ibani ne, reshen Ijo, kuma da Ibani ake waƙoƙin sarauta da kirarin ganga. Amma harshen da ya fi yawo a bakin jama'a wani karin Ibo ne, gadon dubban mutanen da aka kawo daga tudu da matan da aka auro da shekarun da aka yi ana cin kasuwa ɗaya. Wannan yakan tayar da muhawarar siyasa mai zafi kan ko su wane ne mutanen Opobo. Shawarata ki gaya wa ɗalibai abin da su mutanen ke faɗa da bakinsu, cewa su Ibani ne, ki kuma nuna musu yadda fatauci ke sauya harshen gari. Tufafinsu ma haka: zanen jos da ya zo ta teku, saƙar Akwete da ta gangaro ta kogi, doguwar taguwa da malafar Bature a kan shugaban gida. A ƙarshen Disamba kowa ke komowa. Ranar Kirsimeti ake fito da dodon Nwaotam, wanda asalinsa daga ƙasar Ndoki ne, ana kuma tseren kwalekwale inda gidaje ke fito da jiragensu da ganguna da tutoci, irin fitar da kakanninsu ke yi zuwa yaƙi. Mata suna da bikin Iria na shiga sahun manya.

Abin da ke damuna shi ne kayan da ba sa iya kare kansu. Gidajen katako na ƙarni na 19 ba sa jure damina da iskar gishiri in ba kulawa, da yawa sun zube an gina siminti a gurbinsu. Takardun gidaje, wasiƙu da littattafan bashi da hotuna, suna cikin akwatuna a hannun iyalai, gara da laima na cin su, alhali kwafe su da na'ura ba wani kuɗi ba ne. Ruwa na zaizayar gaɓa. Wata kwakwar ruwa da ake kira nipa, wadda Turawa suka kawo Kalaba a 1906, ta mamaye wurare da yawa ta kori itatuwan asali, kuma a saiwoyin na asalin ne kifi da jatan lande da dodon koɗi ke hayayyafa, su ne abincin masunta. Tsofaffin da ke jin zancen ganga suna ƙarewa. Jami'o'inmu na Arewa ma suna da rabo a aikin nan, domin ɗalibin da ya san tarihin fataucin goro da zango ya riga ya san tambayoyin da zai yi wa tarihin manja.

Shekara 150 ba a shiga Opobo sai ta ruwa. Sai a 2021 aka buɗe ɓangaren hanyar motar da ta ratsa Ogoni da Andoni ta isa garin, don haka yanzu daga Fatakwal ana zuwa a mota ta Bori, ko a tsallako da jirgin ruwa daga Ikot Abasi. In makarantarku za ta kai ɗalibai, a rubuta wa fadar Amanyanabo da ƙaramar hukuma tukuna, a nemi ɗan gari ya yi jagora, domin harabar kowane gida tana da mai ita kuma ba a shiga ɗaukar hoto sai da izini. Garin yana da dokokinsa na gargajiya, ciki har da hana kiwon kare da hana hayaniya da dare, a gaya wa yara tun a mota. In tafiyar ba za ta yiwu ba, ki zana musu Imo a allo, ki sa Ohambele a sama, Bonny a hagu, Opobo a bakin ruwa, ki bar su su gano da kansu dalilin da ya sa gidaje 14 suka bi Jaja. Daga nan ki ja layin dogo daga Inugu ta Aba zuwa Fatakwal, ki tambaye su ta ina manjan zai bi.